Abin da malaman Turanci suka tsayar a kan first, second, third

Malaman da suka tattauna batun kalmomin jeri na Turanci (na ɗaya, na biyu, na uku) sun yarda cewa ɗalibi ya fara haddace guda uku da ba su bin ƙa'ida: first, second, third (a taƙaice 1st, 2nd, 3rd). Sauran kuwa th ake liƙa musu a ƙarshe, kamar fourth da sixth.

Inda aka fi daɗewa ana magana shi ne 11, 12 da 13. Ɗalibai da yawa kan rubuta 11st ko 12nd saboda lambar ƙarshe ta ruɗe su, alhali daidai shi ne 11th, 12th, 13th, haka ma 111th da 112th. Amma 21st, 22nd, 23rd sun koma tsarin farko. Shawarar da na fi gamsuwa da ita: a sa yaro ya furta kalmar da baki kafin ya rubuta. Wanda ya ce eleventh, kunnensa zai hana shi rubuta st.

An kuma ja kunne kan rubutun kalmomin: five ta koma fifth, nine ta zubar da e ta zama ninth, twelve ta zama twelfth, twenty kuma twentieth.

Wajen kwanan wata, Ingila na rubuta 1st October 1960, Amurka kuma October 1, 1960. Sarki Charles III kuwa, Charles the Third ake karantawa.