Talla, banki ko aikin manhaja: wanne zan kama?

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Na karanta tattalin arziki a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, saura wata biyu in gama bautar ƙasa, alawus ɗin dubu 77 ya yanke. Wani dilan kayan masarufi yana so in riƙa zaga masa shaguna daga cikin garin Sakkwato har Gwadabawa da Illela ta bakin iyakar Nijar, zai ba ni babur da ɗan albashi, sauran kamasho ne. Na kuma ci jarrabawar wani banki, ina jiran intabiyu. Ga ɗan baffana da ke Legas ya matsa mini in koyi abin da suke kira furodak manaja, wai daga ɗakina zan riƙa yi wa kamfanin manhaja aiki. Baba ba ya son jin zancen banki saboda kuɗin ruwa, Inna kuma hankalinta bai kwanta da hanyar Illela ba. Ni ne babba, ƙannena biyar. Don Allah wanda ya taɓa ɗaya daga ciki ya faɗa mini abin da ya gani.

Yayan Arkilla:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi biyu cikin ukun nan: shekara biyar ina talla, yanzu kuma ina cikin masu tsara manhaja a wani kamfanin POS.

Furodak manaja ba shi ke rubuta manhajar ba. Aikinsa yanke shawara: cikin abu goma da jama'a ke kuka a kai, wanne injiniyoyi za su gyara a makon nan, wanne zai jira. Kwas ɗin wata uku ba ya ba mutum wannan idon, shi ya sa da wuya a ɗauki wanda bai taɓa aiki ko'ina ba. Guraben ma yawanci Legas da Abuja suke. In kuwa daga gida za ka yi, sai ka tanadi sola da data mai ƙarfi, ka san yadda ɗaki yake a watan Afrilu idan an ɗauke wuta.

Ni a kasuwa na samu nawa idon. Farkon 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuya, ina raba na'urar POS a Tsohuwar Kasuwa. Na zauna wurin wani dattijo mai sayar da gero. Duk wanda ya turo masa kuɗi, sai ya miƙe hannu da wayar nesa da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, daga ƙarshe ya ƙwala wa yaron maƙwabcinsa kira ya zo ya karanta masa alat. Mai saye na tsaye, ɗan dako ya riga ya saɓa buhu. Sau uku aka yi haka a gabana. Ya ce mini, "Ɗana, ban ƙi abin naku ba, amma in yaron ga ya tahi salla, kasuwata ta tsaya." Na rubuta maganar nan a littafina. Ranar intabiyu ita na ba su, da abin da nake ganin za a yi wa irinsa, kuma a kanta muka cinye rabin lokacin.

Saboda haka ni talla zan ce ka kama, amma ka shiga da idonka buɗe. Babban ciwon aikin bashi ne. Za ka sauke wa mai shago katan ashirin, ya ce sai ranar kasuwa, ranar kasuwa ta zo ya kashe waya. Na taɓa yin wata biyu ana cire mini kuɗin wani daga kamashona. Kafin ka karɓi makullin babur, a rubuta maka: kamashon nan a kan kayan da aka sauke ne ko kuɗin da aka karɓo? Mai da gyara a wuyan wa suke? Kada kuma ka jingina cinikinka duka da Illela. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar a 2023, har zuwa Maris 2024, masu zaga yankin sun ji jiki. Tsoron Inna ma yana da dalili, ka nemi a bar ka cikin gari tukuna.

'Yar Runjin Sambo:

Ƙanena, kada ka ɗauka banki gudun talla ne. Ni a maketin aka fara sa ni, da taget ɗin asusun da zan buɗe duk wata, na bi makarantu da shaguna har takalmina ya cinye. Ranar intabiyu ka tambaya kai tsaye: ma'aikacin banki za ka zama ko ɗan kwantiragi ta hannun wani kamfani? Tazarar da ke tsakaninsu a albashi da ƙarin girma babba ce. In ainihin harkar kuɗi kake so, wato lissafi da binciken kuɗi, to ka fara jarrabawar ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, tun kanka na da zafin karatu. Batun Baba kuwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019. Ka zauna da shi ka yi masa bayani, ku je wurin malamin da ya yarda da shi tare. Kada ka shiga aikin da mahaifinka ke kallo da ɓacin rai.

Baban Marina:

Yaro, ni ban yarda da maganar Yayan Arkilla ba duka. Wanga kamasho, wata ya zo, wata ba ya zuwa, kuɗin makarantar ƙanne biyar kuwa ba su jira. In ka samu albashi tsayayye wurin da babu ruwa, riƙe shi. Kasuwa tana nan, ba ta tashi.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baban Marina na ji maganarka, Anti kuma wallahi ban san da batun kwantiragi ba sai yau. Zan je intabiyun, gobe kuma bayan la'asar zan sami dilan da tambayoyin nan a rubuce. Yaya, in ya ƙi yarda a rubuta, ya ce amana ce tsakaninmu tunda ya san Baba, me zan ce masa ba tare da na ɓata zumunci ba?