Bindigar marigayi babanmu tana tashi da kanta, lalacewa ce?

Ɗan Garwa: Salamu alaikum manya. Bayan rabon gado, bindigar farautar babanmu ta faɗo a kasona. Irin mai famfo ce, kalibar 12, an rubuta Winchester 1897 a jikinta, gudumarta, wato ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, a waje take a baya. Kawuna ya ce sau biyu ya ga ta tashi a hannun baba daidai lokacin da yake mayar da katakon gaba, ba tare da ya yi niyyar harbi ba. Ni zabi kawai nake son nema da ita. In kai wa maƙeri ya gyara kunamar, ko in rabu da ita?

Tsohon mafarauci, Ngaundare: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Abin da kawunka ya gani ba lallai lalacewa ba ce, haka John Browning ya ƙera ta. A wasu bindigogin da suka biyo baya, irin su Remington 870 ta 1950, akwai wani ɗan ƙarfe da ke raba kunama da guduma bayan kowane harbi, sai ka saki kunama ka sake dannawa kafin ta tashi. Taka ba ta da shi. In yatsanka yana danne da kunama ka tura katakon gaba, tana rufewa tana tashi. Winchester Model 12 da tsofaffin Ithaca 37 ma haka suke. Mai saurin harbin zabi yakan manta yatsansa a ciki, ina zaton abin da ya faru da marigayi ke nan. Ka saba wa yatsanka kwanciya a miƙe a gefen ƙarfe duk lokacin da kake ja ko turawa, bakinta kuma yana kallon inda babu mutum.

Wani daga Marwa: Baba, ai tana da rabin ɗana, wato a ɗana ta rabi. Ka mayar da guduma tsakiya, kunama ta kulle, shi ke nan.

Tsohon mafarauci: Tana da shi, amma ta yaya ake kai ta tsakiyar? Ka riƙe guduma da babban yatsa, ka danna kunama, ka sauke a hankali a kan harsashi mai rai. Da gumin Garwa a watan Maris, yatsa ya zame sau ɗaya an gama. Ga shi an daina ƙera irinta tun 1957, haƙorin da ke riƙe gudumar ya sha aiki, faɗuwa daga babur na iya sakinsa. Ni dai ciki fanko nake tafiya, harsasai suna bututun ƙasa, sai na hango tsuntsu nake ɗanawa. Kuma in za ka shiga gida ka fitar da su duka, ka leƙa da ido, ka zura yatsa ka taɓa, don tsohon sifirin yakan riƙe na ƙarshe.

Mai gyaran bindiga, Marwa: Ƙanena, maƙerin kasuwa kada ya sa mata zarto. Goge haƙorin don kunama ta yi laushi shi ne ke sa ta tashi ko ba a taɓa ba. Gwaji ɗaya: ka tabbatar babu harsashi ko ɗaya, ka ja ka tura da ƙarfi, yatsa a waje. In guduma ta bi bayan ƙarfen da ke tura harsashi ciki ta faɗi, wannan lalacewa ce, ka ajiye ta. Sannan dogon harsashin nan 12/76, mai tsawon milimita 76, zai shige ta lafiya lau, domin kafin harbi gajere ne, amma in ya buɗe babu wurin da bakinsa zai miƙe, matsi ya hau. A auna maka cikinta tukuna.

Yaya, Kusiri: Duk kun manta da takarda. Izinin marigayi ba ya bin gado. Ka je ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ka bayyana ta, izinin farauta kuma wurin ma'aikatan gandun daji yake. Da yanayin tsaron yankin nan, kada jandarma su same ka da ita a hanya kafin ka gama wannan.

Ɗan Garwa: Na gode manya. Takardar zan fara, sannan in kawo ta Marwa a duba.