Taƙaitawar tattaunawarmu kan amiloyid da gigin tsufa

Ga abin da na tattaro daga bayanan ƴan'uwa na nan Damagaram, a tattaunawar da muka yi kan cutar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da amiloyid ke jawowa da alaƙarta da gigin tsufa.

1. An yi ittifaƙi cewa amiloyid wani sinadarin furotin ne da ke taruwa a bangon ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, galibi ga tsofaffi, har bangon ya yi rauni ya riƙa tsiyayar da jini kaɗan-kaɗan, wani lokaci kuma jijiyar ta fashe gaba ɗaya. Sinadarin nan shi ne kuma ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzaima (mai jawo mantuwa da gigin tsufa), shi ya sa akan tarar da cututtukan biyu tare.

2. Cikin na'urorin asibiti masu ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, IRM (mai aiki da maganaɗisu) ta fi sikana nuna ƙananan ɗigon jinin.

3. Babu maganin da ke warkar da wannan cutar ta jijiyoyin jini, amma kowa ya yarda cewa kula da hawan jini yana rage haɗarin zubar jini.

4. An rabu a kan magungunan tsinka jini irin su asfirin. Wasu sun ce a guje su, wasu sun tunatar cewa akwai masu ciwon zuciya da ba za su iya barinsu ba. A ganina likita ne kaɗai zai auna wannan, kada iyali su tsayar ko su fara da kansu.

5. Wasu sun ɗauki mantuwar dattijo tsufa ce kawai, amma mafi yawa sun ce a kai shi asibiti, musamman idan ya ruɗe farat ɗaya, ko ɓarin jikinsa ya mutu na ɗan lokaci ya sake.