Manhajar da ke faɗin sunan mai bugo waya: me kwamfuta ke buƙata, wane lasisi zan saya?

Mai_Ofis: Salamu alaikum 'yan uwa. Layin tarho biyu gare mu, da kwamfuta uku masu Windows 10. Ina son manhajar da za ta riƙa faɗin sunan mai kira da murya kafin a ɗauka. Lasisin iri biyu na gani, na kwamfuta ɗaya da na ofis gaba ɗaya. Wanne ya dace da mu? Kuma sai na ƙaro wata na'ura?

Ɗan_Zamani: Wa alaikumus salam. Ai iPhone da Android duk suna faɗin mai kira kyauta, saiti kawai za ka shiga.

Injiniya_Tarho: Tarho ya ce, ba wayar hannu ba. Malam, dakata da zancen lasisi tukuna. Ƙarfin kwamfuta ba shi ne matsala ba, tsohuwa ma ta isa muddin tana da lasifika. Inda ake faɗuwa shi ne modem, wato na'urar da ke haɗa layin tarho da kwamfuta. Kowane layi na buƙatar nasa, kai biyu ke nan, kuma dole ya zama mai gane lambar mai kira, domin ba kowanne ke yi ba. Ka tabbata kamfanin layin ya buɗe maka nuna lamba. Sai ka jona modem, ka duba lambar COM ɗinsa, wato lambar mashigar da Windows ta ba shi, ka buɗe PuTTY, manhajar da za ka tura wa modem umarni da ita, ka rubuta umarnin AT+VCID=1. In bai amsa da OK ba, gwada AT#CID=1. Daga nan ka bugo layin da wata waya. In ka ga DATE da TIME da NMBR sun fito bayan RING, an dace. In RING kaɗai ke fitowa, ko modem ɗin ne, ko an sa masa ƙasar da ba taku ba a saiti. Siginar turo lamba iri biyu ce, FSK da DTMF: wasu layukan da FSK suke turo lambar tsakanin ringin na farko da na biyu, wasu da DTMF kafin ringin ma ya fara. Modem ɗin da ya san ɗaya kaɗai kurma ne a ɗayan. Kuma kada kowa ya ɗauka a ringin na farko, lambar ba ta gama shigowa ba.

Abu_Takaici: Duk wannan mai sauƙi ne. Lasisin kwamfuta ɗaya shi ne masifar. Ɗaure shi suke yi da madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta. Namu ya ƙone, aka canza, manhaja ta koma ta gwaji. Muka tura wasiƙa, ashe kamfanin ya nade tabarmarsa, sabar da ke tabbatar da lasisi ma an kashe ta. Ga rasit ga lambar lasisi, ba su tsinana komai ba. Wallahi duk manhajar da sai ta tuntuɓi intanet kafin ta buɗe, kada ka ba su ko sisi.

Hajiya_Akanta: Allah ya mayar da alheri. Amma ai sau ɗaya ake biya har abada.

Ɗan_Zamani: Hajiya, duk shekara ake sabuntawa.

Injiniya_Tarho: Kowannenku da irin wadda ya gani. Akwai kuma masu ƙirga layi, ba kwamfuta ba. Malam, kafin ka biya ka sa su amsa a rubuce: layi nawa lasisin ya ɗauka, ana iya cire shi daga wannan kwamfuta a mayar kan wata, kuma sabon fitowa kyauta ne ko da kuɗi. A tsarinka kwamfuta ɗaya ce za ta riƙe modem biyun, sauran biyun su karɓa ta hanyar sadarwar ofis, don haka na ofis ya fi kama da buƙatarka.

Abu_Takaici: Rubutun kamfanin da ya mutu wa zai karanta? Wanda wuta ta ƙona shi ya kamata a saurara, ba masu haddace AT ba.

Injiniya_Tarho: Ɗan uwa, hasararka gaskiya ce, amma ba ta gaya masa ko modem ɗinsa zai ga lamba ba.

Mai_Linux: Ku sasanta. NCID, manhajar nuna mai kira, kyauta ce, lasisin GPL na buɗaɗɗun manhajoji gare ta, babu sabar da za a kashe maka. Tana hawa kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, ta rarraba wa sauran kwamfutocin. Sai dai saitinta na son haƙuri. Af, Windows 10 ɗin naka, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, ka duba ko direban modem ɗin, wato manhajar da ke sa Windows ta gane shi, na aiki a Windows 11 kafin ka saya.

Ɗan_Zamani: Ku bari muryar Turancin nan ta karanta "Ɗanlami" ku ji, duk ofis sai ya fashe da dariya 😂

Injiniya_Tarho: Wannan da magani: a littafin lambobi ka rubuta sunan yadda muryar za ta furta daidai. Muryoyin da ake saya daban kuwa da nasu lasisin, wasu ba su yarda a yi kasuwanci da su ba.

Hajiya_Akanta: To masu ɓoye lamba fa? Da 'yan damfarar da ke aro lambar banki?

Mai_Linux: Manhaja abin da layi ya miƙa mata take karantawa, ba ta tantancewa. Ta VoIP, wato kira ta intanet, ana iya cusa lambar ƙarya, ita kuma ta faɗi sunan bankin da babbar murya.

Abu_Takaici: Kamfanonin layi ya kamata a tuhuma, suna karɓar kuɗin nuna lamba amma ba sa tace ta.

Mai_Ofis: Na gode. NCID ɗin tana ɗaukar layi biyu a lokaci guda?