An yi damina har da ambaliya, amma rijiyar lambuna ta janye tun watan Maris. Ina ruwan ya tafi?

Mai albasa, Tahoua:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da lambun albasa a fadama, gabas da Tahoua, rijiyar da ke ciki mahaifinmu ne ya gina ta. A zamaninsa da guga ake ban ruwa, ana cire albasa da sauran ruwa a rijiya. Yanzu kafin albasa ta gama ƙwai injin ya fara jan taɓo, sai na kashe shi in zauna jiran ruwa ya taru. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne daminar 2024. Kowa ya ga ruwan da aka yi, katangar gidan maƙwabcina ma ta zube. Na ce to bana mun huta. Ina! Watan Maris na kamawa rijiya ta koma halinta. Masana, ruwan nan duka ina ya shiga? Ko in ƙara wa rijiyar zurfi ne kawai?

Tsohon malamin lakwal:
Wa alaikumus salam ɗana. Ruwa ba ya ɓata, wuri yake sakewa. Rana tana ɗaga shi daga tekun Atlantika, iskar damina ta turo hadarin daga kudu maso yamma ya zuba mana. Tahoua ba ta cika wuce milimita 400 a shekara ba, alhali zafin rana da iskarmu suna iya shanye fiye da mita 2 daga saman tabki a shekara guda. Wanda ya sauka kuma kashi uku yake: wani ya koma sama, wani ya bi ƙorama ya wuce, wani ya nutse. Na ukun nan kaɗai ne rijiyarka ke sha.

Ruwan da ya sauko da ƙarfi cikin awa ɗaya a kan fako ba ya nutsewa, kamar ka zuba ruwa a bayan ƙwarya ne. Shi ke rusa katanga ya tafi da ƙasar gona. Yayyafin da zai kwana yana sauka ya fi shi amfani ga rijiya nesa ba kusa ba. Ka hau tudun da ke saman fadamarku ka duba, itace nawa suka rage? Lokacin mahaifinka akwai geza da sabara da ke tare ruwan.

Batun zurfi kuwa, rijiyar fadama ruwan daminar bara da ta bana take sha. Wanda manyan foraj ke jawowa daga ɗaruruwan mitoci a ƙasar Adar daban ne, ya yi dubban shekaru a kwance, kuma ba ya cikowa da damina ɗaya.

Ɗan Illela:
Malam ya gama magana, Allah shi ƙara lafiya. Mu nan mun gani da idonmu. A 1989 aka kai wasu manoman Illela Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ramuka a fako, suka dawo suka gyara tassa irin tamu. Rami ne faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan, ka tara ƙasar da ka fitar ta gefen gangare, ka zuba taki cikin hannu biyu tun da rani. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa na sauka sai ya bi hujin. Filin da ko akuya ba ta tsayawa ya koma ba da hatsi, har mutane suka riƙa sayen fako da kuɗinsu. A ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso bayan shekaru ana wannan aiki, mata suka kafa lambuna. Keita ma tun 1984 aikin ke nan, jera duwatsu, ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, datse ƙoramu, dasa itace.

Sai dai gaskiya aiki ne mai karya baya, cikin zafin Afrilu ake yinsa, kuma mutum ɗaya ba ya iyawa. Tudun ba naka ba ne kai kaɗai, sai kun je wurin maigari.

Uwar ƴan biyu, Yamai:
Yayana, ba ka faɗa mana inji nawa ke fadamar taku ba. Baba da guga yake ja, hannu na gajiya ya tsaya. Ku kuwa kowa da injinsa, kuma tunda masu aiki da hasken rana suka shigo ba a sayen mai, sai a kunna a tafi shan shayi, ruwa na malala kan hanya. Na gani da idona a lambun ƙanen mijina. Kuma da tsakar rana! Ruwa ba ya tsami banza.

Mu nan da kogi a gabanmu ma, in Afrilu ta yi sai tsakar dare pampo ke kawo ruwa a unguwarmu, in bai zo ba sai ɗan garuwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk gindin zogale nake kai su. Iyayenmu suna ba da labarin 1985 da kogin Kwara ya tsaya cak a Yamai, mutane na tsallakawa da ƙafa.

Mai albasa, Tahoua:
Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Injina sun yi yawa, wasu rijiyoyin ma tsakaninsu bai fi jifa ba, in na gefena ya tayar da nasa ina ganin tawa tana sauka. Ban ruwan asuba da na yamma zan iya tun gobe, shi ba sai na nemi izinin kowa ba. Na tudun ne da wuya, rabin masu gonakin can suna ci-rani a Abidjan, sai damina ta matso suke dawowa.

Ɗan Illela, in mun samu mutane, da wanne ake farawa, jera duwatsu a bakin ƙorama ko rabin wata a saman tudu? Kuma tazara nawa kuke bari tsakanin layi da layi?