Shayin chaga: me yake yi wa jiki, kuma yaya ake dafa shi?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ana ta yayata shayin chaga, wai yana ƙarfafa garkuwar jiki, yana sauke suga, har da maganin ciwon daji. Don Allah masana, ina gaskiyar take? Kuma mai ciwon suga zai iya sha?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam. Chaga dangin naman kaza ce, amma ba ta da siffar lema. Wani dunƙule ne da ke fitowa a jikin bishiyar birch a ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Rasha, Finland da Kanada. Bayanta baƙi ƙirin, duk ya tsattsage kamar gawayi, in an fasa kuma cikinta ruwan ƙasa ne mai ja-ja.

Tana ɗauke da sinadarin beta-glukan, wanda ake dangantawa da garkuwar jiki, da betulin da take samu daga bishiyar. Sai dai kusan duk gwajin da ya nuna raguwar suga ko kumburi, a jikin ɓeraye aka yi shi ko a ɗakin gwaji. Ba a tabbatar tana warkar da daji a jikin ɗan'adam ba. Kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda ita.

Baban Usman:
Ga yadda ake dafawa. A sami ƙananan gutsattsari kamar giram 10, a zuba a ruwa lita 1. A rage wuta sosai, ruwan ya yi ta turiri ba tare da ya tafasa ba, tsawon awa 2 zuwa 3, sai ya yi duhu kamar baƙin kofi, sannan a tace. Tsoma ta a ruwan zafi na minti 5 ba ya fitar da abin kirki, domin jikinta tauri ne da shi kamar itace. Gutsattsarin za su sake dahuwa sau 2 ko 3, har ruwan ya fara fita da haske. Amma a shanya su su bushe ƙayau tsakanin dahuwa, in ba haka ba funfuna ce za ta kama su. Betulin kuwa ba ya narkewa a ruwa, kaɗan ne ƙwarai ke shiga shayin.

Anti Zulai:
Maman Hanifa, batun ƙoda ne ya fi damuna. Chaga cike take da okzalet, sinadarin da ke haɗuwa da kalsiyam ya zama tsakuwa a ƙoda. A 2014 likitoci a Japan sun ba da rahoton wata dattijuwa 'yar shekara 72 da ta yi wata 6 tana shan garinta ƙaramin cokali 4 zuwa 5 kullum. Ƙodarta ta lalace, sai da aka koma yi mata wankin ƙoda. Shan garin ya fi shayin da aka tace haɗari, tunda komai ake haɗiyewa. Duk mai ciwon ƙoda, ko wanda ya taɓa yin tsakuwa, ya nisance ta.

Mai shan maganin suga ko allurar insulin, suganta na iya faɗuwa fiye da ƙima: rawar jiki, gumi, jiri. Haka mai shan maganin tsinka jini irin warfarin, da wanda za a yi wa tiyata, ana musu fargabar zubar jini. Masu ciki da masu shayarwa su ma su haƙura. Ki fara nuna wa likitanki jerin magungunan da kike sha tukuna.