Me ya sa masana tarihin tsohuwar Indiya suke dogara da rubutun duwatsu da tsabar kuɗi?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina karanta tarihin tsohuwar Indiya, sai na lura marubuta ba sa rabuwa da ambaton rubutun da aka sassaƙa a jikin duwatsu da tsofaffin tsabar kuɗi. Tunda Indiyawa suna da littattafai tun fil azal, me ya jawo haka?

Malami Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Littattafan suna nan, amma galibinsu na addini ne, an yi ta kwafarsu ana ƙari da ragi, kuma da wuya su faɗi shekarar da abu ya faru. Dutse kuwa yana nan yadda masassaƙi ya bar shi. Dubi Sarki Ashoka na ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Umarninsa yana rubuce a kan duwatsu da ginshiƙai cikin haruffan Brahmi, amma ba mai iya karantawa, sai da James Prinsep ya warware su a 1837. Ko a lokacin, laƙabin Devanampiya Piyadasi kawai aka gani, har aka gano rubutun dutse na garin Maski a 1915, inda sunan Ashoka ya fito ƙarara. A wani rubutun ya yi nadamar yaƙin da ya yi da ƙasar Kalinga, ya ce an kashe mutum 100,000, ya kuma ambaci sarakunan Girkawa biyar na zamaninsa, waɗanda da su ne aka daidaita shekarun mulkinsa.

Mai Son Tsofaffin Kuɗi:
Malam, a ba ni dama in ƙara batun kuɗi. Yawancin sarakunan Girkawa da suka mulki arewa maso yammacin Indiya, ba don kuɗinsu ba da ko sunansu ba a sani ba. A kuɗin azurfar Menander, ɗaya daga cikinsu, akwai Girkanci a fuska ɗaya, haruffan Kharoshti a ɗayar, kuma irin wannan ne ya taimaka wajen karanta Kharoshti. Kuɗin sarakunan Rum Augustus da Tiberius da aka tono a yankin Coimbatore na kudancin Indiya su ma shaida ne kan cinikin barkono da Rumawa.

Malami Mai Ritaya:
Gaskiya ne, sai dai a yi hattara. Rubutun ginshiƙin Allahabad kirari ne da Harishena, bafaden Sarki Samudragupta, ya tsara wa ubangidansa, kuma bafade ba ya lissafa yaƙin da sarki ya sha kashi.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Malam. To, hatiman tsohon birnin Harappa fa, tunda har yau ba a iya karanta rubutunsu ba, a wane matsayi masana suke ajiye su?